In Mai Neman Mafaka Ya Ɓace Daga Masaukin Gwamnati a Birtaniya: Abin Da Ke Biyo Baya da Abin Yi

A ce kwanaki goma na ƙarshen azumi sun kama. Wani bawan Allah da gwamnatin Birtaniya ta sauke a wani otal a bayan gari, yana jiran a duba buƙatarsa ta mafaka, ya naɗe bargonsa, ya ɗauki Alƙur'aninsa ya shiga i'itikafi a masallaci. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa ba abin faɗa ba ne. Ba a tsare yake ba, ƙofa a buɗe take, kullum ma yana fita ya dawo. Ranar Sallah da yamma ya dawo ya tarar katin ɗakinsa ya daina buɗe ƙofa, an tattara kayansa cikin leda, ga wata wasiƙa cikin ambulan mai ruwan ƙasa ta kwana shida tana jiransa a teburin masu karɓar baƙi. Takardar kiran ganawa ce, ranar da aka sa masa kuwa ta wuce shekaranjiya.

A wurinsa ibada ya je. A cikin fayil ɗin hukuma kuwa ya zama mutumin da ya bar masauki ba sallama, ya kuma ƙi amsa kira. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun ɓace, irin wannan ɓatan ne: suna, zaman makoki, jinya a gidan ɗan'uwa a Manchesta, waya ta faɗa ruwa. Wasu tsoro ne ya kore su. Wasu kuma, su ne abin damuwa, janye su aka yi.

Igiya uku ne, ba ɗaya ba

Duk wanda ya nemi mafaka kuma gwamnati ke ciyar da shi, igiya uku ke riƙe da shi, kuma kowace da inda take tsinkewa. Wanda bai rarrabe su ba sai ya ɗaura ɗaya ya zauna yana ganin ya gama.

Ta farko ita ce ta masauki da kuɗin abinci. Ma'aikatar Cikin Gida, wadda kowa a can ke kira Home Office, tana ba da su ne ƙarƙashin dokar shige da fice da mafaka ta 1999: sashe na 98 ga sabon zuwa, sashe na 95 ga mai jiran hukunci, sashe na 4 ga wanda aka ƙi amma bai samu halin tafiya ba. Gidajen da otal-otal ɗin ba ma'aikatar ke tafiyar da su da kanta ba, tun 2019 kwangilar tana hannun kamfanoni uku, Serco da Mears da Clearsprings Ready Homes. Kuɗin ana zuba shi a wani katin cire kuɗi da sayayya mai suna ASPEN, fam 49.18 a mako ga mai dafa wa kansa, ƙasa da fam goma ga wanda otal ke ciyarwa. Sharaɗin da ya fi kama mutane shi ne na kwana: kada ka yi fiye da kwana bakwai a jere ba ka kwana a masaukin ba, kada kuma jimillar kwanan wajenka ta wuce goma sha huɗu cikin wata shida, sai da izini. Ka lura da rabi na biyun nan. Mai zuwa gidan yayarsa kowane ƙarshen mako ya kwana biyu, kafin wata biyu su cika ya ƙetare iyaka bai sani ba.

Ta biyu beli ne. Kusan duk mai neman mafaka yana kan belin shige da fice, ko da bai taɓa ganin cikin gidan tsarewa ba. Takardar sunanta BAIL 201, a cikinta aka rubuta adireshin da zai zauna da yadda zai riƙa bayyana kansa, ko dai ya je ofis ya sa hannu, ko ta waya ko ta saƙo. Saɓa sharaɗin beli ba tare da uzuri ba laifi ne a dokar shige da fice ta 1971, kuma hujja ce ta tsare mutum.

Ta uku ita ce uwa uba: buƙatar mafakar kanta. Sakin layi na 333C na ƙa'idojin shige da fice ya ba ma'aikatar damar ɗauka cewa ka janye buƙatarka ko da ba ka furta ba. Rashin zuwa ganawa, rashin cike takardar tambayoyi, fita daga ƙasar ba izini, duk suna ciki. Daga Agustan 2023 aka ƙara da rashin zuwa sa hannu da rashin sabunta adireshi ko lambar waya. Wato shiru kaɗai ya isa. Kuma janyewa ta fi ƙi muni ta fuska ɗaya: wanda aka ƙi yana iya ɗaukaka ƙara, wanda aka ce ya janye ba shi da wannan ƙofar.

Abin ba ƙarami ba ne. A shekara guda da ta ƙare a Satumban 2023, buƙatu 17,316 aka rubuta an janye. Da 'yan majalisa suka matsa, ma'aikatar ta amsa a farkon 2024 cewa mutum 5,598 daga ciki suna nan cikin ƙasar tana neman hanyar sake tuntuɓarsu.

Kafin ka sa ƙafa waje

Nan ne aiki ya fi sauƙi, nan ne kuma aka fi sakaci.

Da farko ka ƙirga dare, ba yini ba. In tafiyar za ta kai kwana bakwai ko ta kusa, ka nemi izini tun kafin ka tashi. Gaya wa mai gadi da baki ba izini ba ne. Mai gadin yau ba shi ne na gobe ba, kuma ba shi ke rubuta rahoto ba. Ka sanar da jami'in masaukin a rubuce, saƙon waya ko imel, sannan ka kira Migrant Help, ƙungiyar da gwamnati ta ɗora wa karɓar ƙorafi da buƙatun masu neman mafaka, a 0808 8010 503. Kiran kyauta ne, dare da rana, kuma suna haɗa ka da tafinta. Layin kan yi cunkoso, ka sa waya a caji ka yi haƙuri. In an ɗauka ka faɗi ranar tafiya, ranar dawowa, inda za ka da dalili, kada ka ajiye sai an ba ka lambar shaidar kiran. Ka rubuta ta, ka ɗauki hoton abin da ka rubuta.

Sai wasiƙa. Rayuwar mai neman mafaka a ambulan take zuwa. Ka tabbatar lauyanka yana da lambarka ta yanzu, ka roƙi wani amintacce a masaukin ya riƙa duba maka teburin wasiƙu. In ka canza layi, ranar da ka canza ka sanar da ma'aikatar da lauya. Mutanenmu suna da son sauya layi saboda garaɓasar data, a nan wannan ɗabi'ar tana da tsada.

In kuma ba ziyara ce ba, zaman ne gaba ɗaya ya ishe ka, akwai hanyar fita ta ƙofa. Wanda ya samu ɗan'uwa ko abokin da zai riƙe shi yana iya neman a bar masa kuɗin abinci kawai ba masauki, ya ba da sabon adireshi, a gyara takardar belinsa. Wanda ake tsangwama a ɗaki, ko yake da rashin lafiyar da wurin bai dace da ita ba, ko mace da mijinta ke dukanta, yana iya neman sauyin wuri ta hannun Migrant Help, da takardar likita ko rahoton 'yan sanda in akwai. Ba kullum ake amincewa ba, don ƙa'idar ita ce ba ka da zaɓin garin da za a kai ka. Amma buƙatar da aka rubuta aka ƙi, gobe shaida ce a hannunka. Fitar dare ba ta shaidar komai.

Abin da ake yi a bayanka

Masaukin ba kurkuku ba ne, amma ana ƙirga kai. A otal akwai rajistar shiga da fita, a gidajen haɗaka jami'i kan zo duba gida. In an ga gado bai motsu ba, abinci ba a ɗauka, sai a kira wayarka, a tambayi abokin ɗaki. In kwanakin suka cika babu labari, kamfanin zai kai wa ma'aikatar rahoto cewa an bar ɗaki. Daga nan za a iya dakatar da tallafi ko a yanke shi, a rufe kati, a ba wani gadon.

A wannan gaɓar hukuma takan raba mutane gida biyu. Baligi mai lafiya da ya daina amsawa, ya kuma saɓa belinsa, ana rubuta shi a matsayin wanda ya tsere, kalmar da za ka gani a takarda ita ce absconder. Akwai sashe na musamman a ma'aikatar da ke bin sawun irin waɗannan, kuma ana sa alama a kan sunan mutum a rumbun bayanan 'yan sanda na ƙasa. Ma'anar wannan a aikace: ranar da ɗan sanda ya tsayar da kai kan keke babu fitila, ko aka kai samame wurin wankin mota, sunanka zai fito. Yaro kuwa, da baligi mai rauni, kamar mai taɓin hankali, ko wanda ake zargin an yi safararsa, ba mai tserewa ba ne a ƙa'ida. Ɓatacce ne, kuma aikin 'yan sanda ne su neme shi don tsaron ransa.

Ana cikin haka wasiƙu suna ci gaba da zuwa tsohon adireshi. Kiran ganawa ya zo ya wuce. Takardar neman bayanin dalilin rashin zuwa ta biyo baya da wa'adinta na 'yan kwanaki, shi ma ya wuce. Sai takarda ta ƙarshe a saka ta a fayil, don ba inda za a aika ta.

Wani abin da ya kamata a faɗa da gaskiya: tsoron da ke sa mutane gudu ba na banza ba ne. A watan Afrilun 2024, lokacin da aka fara kama mutane don shirin kai su Ruwanda, takardar gwamnati da kanta ta nuna cewa cikin mutum 5,700 da aka ware, 2,143 ne kawai ke ci gaba da zuwa sa hannu. A watan Yuli sabuwar gwamnatin Keir Starmer ta soke shirin. Waɗanda suka daure suna zuwa, buƙatunsu suka koma layi. Waɗanda suka shiga ɓuya sai da suka fara da wanke kansu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

In ka riga ka tafi

Ko kwana goma ne ko wata goma, hanyar dawowa tana nan, sai dai kowace rana tana ƙara mata tsawo.

Lauya za ka fara nema kafin ka tunkari kowane ofis. In kana da shi, kira shi yau, ka faɗa masa gaskiya duka, har abin da kake jin kunyarsa. In ba ka da shi, shari'ar mafaka tana cikin waɗanda gwamnati ke biya wa marar hali kuɗin lauya, ko da yake samun mai karɓa yana da wuya a wasu garuruwa. Ƙungiyoyi irin su Refugee Council da British Red Cross suna nuna hanya. Ka kiyayi "wani ɗan'uwa da ya san kan takardu". A Birtaniya ba da shawarar shige da fice ba rajista laifi ne. In mutum ba cikakken lauya ba ne, to sai ya kasance yana da rajista da IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da irin wannan shawara, wadda kafin 2025 ake kira OISC.

Abu na biyu, ka tattara shaidar inda ka kasance da abin da ya hana ka magana. Takardar sallama daga asibiti, tikitin jirgin ƙasa ko na bas, takardar shaidar rasuwa, wasiƙa daga limamin masallacin da ka yi i'itikafi, hoton saƙon da ka tura wa jami'in masauki, rasit ɗin gyaran waya. Abin da ƙa'ida ke nema shi ne ka nuna, cikin lokaci mai ma'ana, cewa abin da ya faru ya fi ƙarfinka. "Wallahi ban sani ba" gaskiya ce a wurin mutane da yawa, amma ba ta da nauyi in ba takarda a bayanta. Wanda kuma wasiƙar ba ta taɓa isa hannunsa ba, misali an sauya masa otal aka ci gaba da aikawa tsohon, wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma tana faruwa.

Na uku, lauya ya binciko matsayin kowace igiya. Ana iya samun an yanke tallafi amma buƙatar mafaka tana raye, ana iya samun akasin haka.

In tallafi ne kawai aka yanke, ƙa'ida ta 20 ta dokokin tallafin mafaka na 2000 ta ce wanda ya dawo da ƙafarsa ko aka gano shi, dole a duba dalilin ɓatansa a yanke hukunci mai hujja kan mayar masa da tallafin. Ana sake nema da fom ɗin ASF1 ta hannun Migrant Help. In an ƙi, ko takardar yankewar ta same ka, akwai kotun tallafin mafaka a Landan, amma wa'adinta kwana uku ne na aiki daga ranar da ka karɓi takarda. Uku. Kada ka ce sai bayan Juma'a. Ƙungiyar ASAP tana tsaya wa mutane kyauta a wannan kotun.

In buƙatar mafakar ce aka rubuta an janye, aiki ya ƙaru. Lauya zai rubuta ya nemi a soke janyewar a mayar da kai inda kake, yana haɗawa da shaidun nan. In ma'aikatar ta ƙi, saura a ƙalubalanci matakin a gaban alƙali ta hanyar neman bitar hukuncin hukuma, wanda ake shigarwa da gaggawa, ba a wuce wata uku. Ɗaya hanyar ita ce gabatar da ƙarin hujjoji ƙarƙashin sakin layi na 353 na ƙa'idojin shige da fice, wadda ta fi ƙunci, don sai an gamsu cewa abin da ka kawo yana da yiwuwar nasara kafin a ba shi matsayin sabuwar buƙata.

Na huɗu, ka koma sa hannu. Ba zan ce maka ba a tsare mutum a wurin ba, ana yi. Shi ya sa za ka je da sanin lauya, lambarsa a rubuce a takarda cikin aljihu ba a waya kaɗai ba, magungunanka a jaka, wani kuma ya san ƙarfe nawa ka shiga. Amma wanda ya kai kansa da wanda aka kamo a ɗakin girkin gidan abinci, ba kallo ɗaya alƙalin beli ke yi musu ba.

Maganar aiki ma a taɓa ta, don ita ce ke jan samari da yawa. Fam tara da 'yan kai a mako ba ya sayen komai, ga gida ana kira. Sai wani ya ce zo ga ɗaki, ga aikin kai abinci da asusun wani. Mai neman mafaka ba shi da izinin aiki sai buƙatarsa ta shekara ba a yanke ba, ya nema a ba shi, shi ma cikin jerin sana'o'i ƙayyadaddu. Wanda ya ba ka ɗaki da aiki a ɓoye ya san ba za ka iya kai ƙararsa ba. In ya riƙe maka kati ko waya, ko ya ce akwai bashin da sai ka biya da aiki, wannan bauta ce a dokar ƙasar, kuma akwai layinta: 08000 121 700. Shiga tsarin kare waɗanda aka yi safararsu yana iya zama shi ne bayanin ɓatanka gaba ɗaya.

In naka ne ya ɓace

Kai abokin ɗaki, kai ka fi kowa sanin ko tafiya ce ko ɓata. Wanda ya yi niyyar tafiya yakan ɗauki caja, katin ARC ɗinsa (katin shaidar mai neman mafaka), takalmansa masu kyau. Wanda ya bar maganinsa a kan taga, wayarsa a ƙarƙashin matashi, ko ya kwana uku yana maganar ya gaji da duniya, wannan ba a jira. Babu wata doka da ta ce sai an yi awa ashirin da huɗu kafin a kai cigiya. In kana jin ransa na cikin haɗari, kira lambar gaggawa, 999. In ba haka ba, kira 'yan sanda a 101. Ka sanar da ma'aikatan masaukin, amma kada ka ɗauka sun kira, ka tambaye su lambar rahoton.

'Yan sanda za su so cikakken suna yadda aka rubuta a katinsa, kuma nan ake samun tangarɗa, don Muhammadu ɗaya yana iya zama da rubutu huɗu. Za su so ranar haihuwar da hukuma ta rubuta masa, hoto na kusa, kayan da ya sa, rashin lafiya, da wanda ya riƙa kiransa kwanan nan. Da wannan suke auna girman haɗarin. Kada ka ɓoye abin da zai ɗaga shi don kunya. In sun same shi kuma baligi ne, za su tabbatar lafiyarsa ƙalau, amma ba za su faɗa maka inda yake ba sai ya yarda. Haƙƙinsa ne.

Mai jin tsoron 'yan sanda, ko shi ɓataccen da ke son aika saƙo gida ba tare da an san inda yake ba, akwai ƙungiyar Missing People a 116 000, kira ko saƙo, kyauta kuma a asirce.

Abu biyu ne nake roƙon dangi su bari. Kada a kira ofishin jakadancin ƙasarsu. Mutumin da ya ce gwamnatinsa yake gudu, in aka kai sunansa can an jefa shi da iyalinsa cikin haɗari, an kuma raunana maganarsa. Ita kanta ma'aikatar an hana ta bayyana wa ƙasar mutum cewa ya nemi mafaka. Kada kuma a yi saurin watsa hotonsa a Facebook da zaurukan WhatsApp da cewa "ɗan gudun hijira ne a gari kaza". Niyya mai kyau ce, amma hoton yana isa Khartum ko Njamena ko Kano kafin magariba, kuma ba ya gogewa.

Yara

Yaron da ya iso ba iyaye ba na masaukin manya ba ne. Dokar yara ta 1989 ta ɗora riƙonsa a kan ƙaramar hukuma, da jami'in jin daɗin jama'a da ke bin lamarinsa. Daga 2021 ma'aikatar ta riƙa ajiye irin waɗannan yara a otal-otal, galibi a kudancin Ingila, kuma a Janairun 2023 ministan shige da fice na lokacin, Robert Jenrick, ya shaida wa majalisa cewa yara 200 da suka ɓace daga can ba a gan su ba, mafi yawansu 'yan Albaniya. A Yulin shekarar babbar kotu ta ce mayar da otal masaukin yara na yau da kullum ya saɓa doka, aka rufe na ƙarshe a farkon 2024.

Abin da ya rage shi ne yaran da aka yi wa kallon manya aka kai su cikin manya. In akwai irinsa a masaukinku, yana cewa shekarunsa sha shida, takarda na cewa ashirin da uku, a kai maganarsa sashen yara na ƙaramar hukuma tun yana nan, a nemi a tantance shekarunsa. In ya ɓace, wanda ya kira 'yan sanda ya faɗi shekarun da yaron ya faɗa da bakinsa, ya ce akwai jayayya a kai, don kalmar nan ita ke raba mai tserewa da yaron da za a tashi nema a daren.

Iyaye da ke gida, a Sudan ko Chadi ko Nijar ko Najeriya, da waya ta ɗauke musu ba labari, ba sai sun san kowa a Ingila ba. Ofishin Red Cross ko Red Crescent na ƙasarsu yana da sashen haɗa dangin da suka rabu, kyauta, kuma yana aiki da takwaransa na Birtaniya. A je da sunan yaron duk yadda ake rubuta shi, sunan uwa da na uba, lambar da ya kira da ita ta ƙarshe, da ranar. Akwai kuma shafin Trace the Face, inda mai nema ke sa hoton fuskarsa shi, ba na wanda ake nema ba, don ɗan da ke ɓoye ya ga mahaifiyarsa ya amsa ba tare da an tona inda yake ba.